Ranar da Ma'u Ta Kama Sunan Mijinta

Duk wanda ya taso a Hillar Yalwa, ƙauyen Hausawan nan da ke kudu da Sinnar, ba nisa da Mai Wurno, da abu biyu ya san Ma'u: kisrarta da bakinta. Kisrar, wainar ƙullun dawa da ake shafawa a kasko, siririya ce, har kana hango tafin hannunka ta cikinta. Bakin kuwa ba na surutu ba ne, don mace ce da za ta wuni a gaban murhu ba ka ji muryarta ba sai sallama da salati. Amma in ta gyara zama za ta ba da labari, jaririn da ke tsotso ma sai ya saki nono ya juyo.

Wurin kakarta ta gada. Ita wannan kaka a goye aka fito da ita daga ƙasar Sakkwato, zamanin da mutane suka bar gidajensu suka fuskanci gabas. A hanya ta yi wayo, a bakin kogin da ke kusa da garin nan ta tsufa. Tun Ma'u tana ƙarama take bin ta hawasha, gonar nan da ake yanka wa manomi a bakin ruwan noma, su yi ta tsinkar auduga, tsohuwa na magana, yarinya na kwashewa. Karatun allo kaɗan ta samu, na boko kuwa ko ƙofarsa ba ta taka ba, amma abin da ya shiga kunnenta ya zauna ke nan.

Tun da wuri kakar ta raba mata zance gida biyu. Akwai tatsuniya, ta yara ce da mata, a buɗe ta da "ga ta nan", a rufe ta da "ƙurunƙus", kowa ya san ƙarya ce aka yi wa kwalliya, a yi dariya a watse. Akwai kuma labari. Shi ba a ba da shi sai da sunaye: wane ɗan wane, a wuri kaza, na ji daga wance, ita kuma da idonta ta gani. In da mai shaida a wurin, sai ya ɗaga murya ya ce haka aka yi. Kowace shekara in an gama yankan dawa, mutanen Hillar Yalwa kan yi sadakar kakanni. A sauke Alƙur'ani da safe, a ci abinci, bayan la'asar mata su taru a ƙarƙashin rumfa, maza su shimfiɗa tabarmi a bayan zana, a ba da labarin hijira: wa ya rasu a wace rijiya, wa aka haifa a gindin wace bishiya. Da tsofaffi suka ƙare, kan Ma'u abin ya faɗo, kuma ba a taɓa kama ta da ƙari ko ragi ba.

Mijinta Sharfuddeen, Allah ya jiƙansa, manomi ne dogo mai son raha. Yana da hawasha, yana da 'yan shanu da yake kwanar da su cikin gida a zariba, shingen ƙaya irin wanda kowa ke yi. Shi ya gan ta tana wanki a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan gona, ya ce ita, ita ma ba ta ce a'a ba. Ɗansu na fari shi ne Bilyamin. Ma'u ta yi masa kunya irin ta mutanen da. Da aka yaye shi aka kai shi ɗakin uwar mijinta, can ya girma. Ba ta kama sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta tambayarsa ya ci ko bai ci ba. In ya zama dole ta ambace shi sai ta ce "wancan". Sunan miji kuwa ai ba a ma zancensa. "Mai gidan nan" take cewa yana raye, "marigayi" bayan ya rasu.

Wata damina, Bilyamin bai daɗe da fara tafiya ba, ƙaya ta soki Sharfuddeen a zariba. Ya sa allura ya cire ta ya koma aikinsa. Wa ke kula da ƙaya? Bayan an manta sai wani ɗan ƙullutu ya fito masa a bayan ƙafa, kamar ƙwallon dabino, ba zafi ba ƙaiƙayi. Shekara ta zo ta wuce yana nan, yana ƙara auki a hankali. Wanzami ya tsaga, aka ɗora ƙarfe mai zafi, aka sha rubutu, aka ɗaura ganye. Daga baya ƙullutun ya buɗe 'yan ƙofofi, yana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi ƙanana kamar habbatus sauda. Ma'u ce ke share su daga kan tabarma kowace safiya. Larabawan maƙwabta suka ce sunan ciwon nabit. A gari kuwa wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce ya taka inda ba a takawa. Sai da ƙafar ta zama kamar turmi, ba ta shiga kowane takalmi, sannan ƙanensa Alamin ya ɗora shi a amalanken jaki zuwa bakin titi, suka tafi asibiti. Da ƙafa ɗaya ya dawo.

Ya rayu shekaru masu dama bayan haka, yana saƙar igiyar gado a ƙofar gida, rahar nan tasa ba ta mutu ba. Amma a gidan ba a sake ta da zancen ƙafar ba. Abin da ya zauna a zukatan mutane, har da Bilyamin da yake yaro yana tsaye aka sauko da ubansa, shi ne mutum ya tafi asibiti da ƙafa biyu ya dawo da ɗaya.

Bilyamin ya girma ya gaji hawasha da zariba, ya auri Aminat, suka haifi Rayan da ƙannenta. Kullum da safe kafin ya tafi gona yakan biyo ta ƙofar Ma'u, ya tuɓe safinjarsa, silifas ɗin nan na roba, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

"To, madalla."

Iyakar gaisuwar ke nan, shekara da shekaru. Da yake ba ta duban fuskarsa, ƙasa take kallo, don haka babu wanda ya san ƙafafun Bilyamin kamarta. Ita ta fara lura igiyar safinjar dama ta saki fiye da ta hagu. Daga baya ta ga ya yanke ta ya ƙara mata tsumma. Wata safiya kuma da ya juya zai tashi, sai ta ga abin da idonta: ɗan ƙullutu a bayan ƙafa, kamar ƙwallon dabino. Ranar kisrar da ke kan kasko ta ƙone, abin da ba a taɓa gani ba a hannun Ma'u.

Ta aika masa ta bakin Aminat. Aminat ta dawo ta ce, "Inna, na faɗa mishi. Wai kanta ce, ba ta zafi. Da na ambaci asibiti sai ya ce in dai shina numfashi ba mai kai shi inda anka kai Baba."

Ma'u ta koma gaban murhu. Ta ƙara tsawon sujada, ta ci gaba da kallon takalmi.

Ana cikin haka, 'yan shekaru kafin yaƙin nan da ya ɓarke a ƙasar, masu binciken ciwon nabit suka zo daga Khartum suka sauka a makarantar gari. Mutane suka sha kallo. Likitoci da karatunsu, ga su tsugune a zariba suna ɗibar ƙasa da ƙaya da kashin shanu suna zubawa a 'yan kwalabe. Alamin, wanda ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba, ya ce, "In taki suke so, su zo gidana da buhu, kyauta ne."

Cikinsu akwai Daktora Ibtisam, yarinya ce sa'ar autar Ma'u. Ubanta mutumin Mai Wurno ne, amma a Khartum ta tashi, Hausarta tana ɗingishi, in ta gaji sai ta hau Larabci. Ma'u aka ba aikin yi musu kisra, a bakin murhu suka saba da Ibtisam. Baƙin sun tara mutane sun yi bayani da manyan hotuna, kowa kuma ya ji Larabcin sarai, sai dai hotunan na ƙafafu ne da suka riga suka lalace. Mata suka ja tob, mayafin nan nasu, suka rufe fuska, maza suka yi a'uziyya, aka zame ɗaya bayan ɗaya. Ibtisam ta zo ta zauna kusa da kasko ta yi tagumi.

"Haboba," haka take kiran Ma'u, wato kaka, "mun san abin nan, wallahi mun san shi, amma ba ya shiga. An ce mini ke in kin yi magana yana shiga."

"Ni ban faɗin abin da ban gani ba, ɗiyata."

"To zo ki gani."

Ta kai ta wani aji inda suka ajiye madubi mai ƙara wa abu girma. Ta nuna mata 'yar baƙar ƙwaya a kan gilashi. Tun daga nesa Ma'u ta gane ta, don ta share irinta ba adadi. Ta rufe ido ɗaya ta leƙa. Abin da ta ɗauka tsakuwa ce ashe zare ne sirara, sun cukurkuɗe kamar saiwar ciyawa a bakin tur'a.

"Rai gare shi?"

"Rai gare shi. Dangin fumfunar nan ne da ke fitowa kan kisra in ta daɗe, amma shi cikin ƙasa yake zaune. Ba ya huda fata da kansa, sai ƙaya ko wani rauni ya buɗe masa ƙofa. Ba a ɗaukarsa daga jikin mutum, kuma ba hannun kowa a ciki. Da fari ba ya zafi, Haboba, shi ya sa ake ƙyale shi har ya kai ƙashi."

Ma'u ta ɗago daga madubin. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta, tana kallon bango.

"In shina kamar ƙwallon dabino fa? Bai buɗe ba?"

"Ai irin wannan muke nema! A duba shi da na'urar nan da ake ɗora wa masu ciki, a cire shi, a sha magani watanni masu yawa ba fashi. Galibi mutum da ƙafarsa yake komawa gida, in Allah ya so. Wa ke da shi?"

"Tambaya na yi."

Ta kwana tana juya abin, ta tashi tana juya shi. Labari sai da suna, sunayen da take da su kuwa ba masu kamuwa ba ne a bakinta. Sai ta ɗinka tatsuniya. Da rana tsaka ta ba da ita a rumfar makaranta, mata na tsokanarta wai mai tatsuniya da rana ɓata yake a hanya. Ta ce in ta ɓata a neme ta gidan Alamin, can ake shan jabana, wato gahawa, ba a biya.

Tatsuniyar wani baƙo ce siriri marar ƙafa, mai zama cikin ƙasa, da ya roƙi Ƙaya ta goya shi zuwa gidan Ƙafa, yana waƙa:

Ƙaya, Ƙaya, ɗauke ni,
ɗakin Ƙafa za ki kai ni,
ba ni ci, ba ni sha,
lungu ɗai za a ba ni.

Ƙafa ta ba shi lungu, don baƙo ne marar hayaniya. Ya gina ɗaki, ya ƙara ɗaki, ya fasa tagogi yana watso baƙar shara waje, daga ƙarshe ya cinye ginshiƙin gidan. Ƙanwar Ƙafa kuwa, da nata baƙon ya zo, tun yana lungu ta kira mai fitar da shi.

Abin ya yi daɗi har ya wuce misali. Ibtisam ta ɗauka a waya, nan da nan ta shiga wayoyin gari, har garin Rufa'a aka ce an ji ta. Yara suka mai da ita wasa, wannan Ƙaya, wancan baƙo, suna goyon juna a bakin tur'a, ƙafa ba takalmi. Masu bincike suka tafi da murna. Suka ce za su dawo bayan kaka, amma duk mai ƙullutu kada ya jira su, ya same su a Sinnar.

Ba wanda ya je.

Wata la'asar Ma'u na tankaɗe a bayan zana, ta ji muryarta tana fitowa daga wayar Aminat a tsakar gidan Bilyamin, shi kuma yana dariya har da tari.

"Kai, Inna! Wa ya taɓa ganin Ƙaya da goyo? Sake sa mini wurin waƙar nan."

Aminat ta ce, "Dariya ɗai za ka yi? Ba ka ji mi anka ce ba?"

"Na ji mana. Ke ba ki ji ƙurunƙus a ƙarshe ba? Tatsuniya ce, ta Rayan ce da ƙannenta."

Ma'u ta ajiye rariya. Duk abin da madubi ya nuna mata ta zuba a ciki, ba ta rage komai ba. Sai dai ta zuba shi ne a ƙwaryar da mutanen nan suka saba shan ƙarya a cikinta tun suna yara. Da safe da ya zo gaisuwa ta ga ƙafar dama ta daina shiga safinja, da yatsu yake jan ta.

Dawa ta nuna, aka fara yanka. Ma'u ta yafa tob ta nufi gidan Alamin. Tsakanin mace da ƙanen mijinta akwai wasa, su kuwa sun tsufa suna yi.

"A'a, amarya! Na ce dai wata rana za ki gaji da yanga ki kawo kanki."

"Wa zai auri wanda haƙoranshi sunka riga shi lahira? Zauna, magana na zo da ita."

Ya dubi fuskarta, ya ajiye finjalin jabana.

"Ran sadaka ina son in ba da labarin ƙafar yayanka."

"Wane labari gare ta? An yanke, an binne, shi ma ya bi ta."

"Tun daga ƙaya. Da sunanshi."

Alamin ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Da bakinki? Maza na saurare? Ma'u, mata za su ci namanki har azumi. Kuma mamaci ne, a bar shi da sirrinshi."

"Ciwo ya yi, ba sata ba. Ka dubi ƙafar wancan kwanan nan?"

"Wane wancan?" Sai ya gane. "Dama ko hagu?"

"Dama. Daidai inda ta ubanshi ta fara."

Tsohon ya goge fuska da jelar rawani. "Bari in kira shi in wanke mishi kai."

"Ka kira shi ya ce maka to, ya ɗauki fartanya ya tafi gona. Ba taurin kai ba ne, tsoro ne. Abin da ya gani yana yaro ƙarshen labari ne. Farkon yana wurina da wurinka."

Alamin ya gyara garwashi. "To ki faɗa, ni in shaida. Da shi ne da rai, da kanshi zai hau rumfa ya faɗa, har da ƙari. Kin dai san shi."

Ranar sadaka aka sauke Alƙur'ani, aka ci tuwon dawa da kisra. Masu bincike sun dawo a makon, Ibtisam na zaune cikin mata. Bayan la'asar Ma'u ta ba da labarin hanya kamar yadda ta saba, da rijiyoyinsa da kaburburansa, ana amsawa da Allah ya jiƙan magabata. Da ta kai inda ake shafa fatiha, sai ba ta ɗaga hannu ba.

"Da saura," ta ce. "Wanga ban ji shi ga kowa ba. Da idona na gani, cikin garin nan. Labarin Sharfuddeen ne, ɗan Sa'id, ɗan Abdulmuttalib."

Rumfa ta yi tsit. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta yi salati. 'Yan mata suka sunkuyar da kai kamar su suka yi abin. A bayan zana, inda maza ke 'yar hirarsu ƙasa-ƙasa, ko tari ba a sake ji ba. Ita kanta Ma'u sunan ya yi mata nauyi a harshe, ta ji kamar ta fito kasuwa ba mayafi. Ta damƙe carbinta ta ci gaba.

Ta faɗi zaribar, ta faɗi ƙayar, ta faɗi daminar, wadda ruwa ya karya bakin tur'a ya shiga gonakin gabas. Ta faɗi ƙullutun da ba ya zafi. Sannan ta bi shekarun ɗaya bayan ɗaya da abin da kowa ya sani: yana nan aka haifi wance, yana nan aka ɗaga ginin masallaci, yana nan fari ya zo shanu suka zube. Masu shekaru suna bi a zuci, suna jin tsawon abin. Ta faɗi ƙwayoyin da ta share daga tabarma. Ta ce bana ta sake ganinsu a madubin Daktora Ibtisam, jikar mutanen Mai Wurno, ga ta nan zaune, kuma zare ne mai rai da ke cikin ƙasa, ƙaya ce ta buɗe masa ƙofa.

"Zamanin nan ba wanda ya san ana kai shi tun shina ƙarami. Yanzu an sani. Kun daɗe kuna cewa asibiti ne ya ci ƙafar Sharfuddeen. Ba shi ne ba. Jiran da anka yi sai ya yi zafi, shi ya ci ta. Abin da na gani ke nan."

Daga bayan zana muryar Alamin ta taso, ba wasa ko kaɗan a cikinta.

"Haka anka yi. Ni Alamin ɗan Sa'id na ɗora shi ga amalanke. Da kunnena na ji likita ya ce, ina kuke duk shekarun nan, abu ya riga ya cinye ƙashi."

Wani dattijo ya ce, "Daktora, ke ma sai ki shaida. Gaskiya ne ana fitowa da ƙafa?" Ibtisam ta miƙe, hawaye na bin kumatunta, ta ce da Hausarta mai ɗingishi ta ga waɗanda suka zo da wuri, sun koma gonakinsu da ƙafafunsu. Ta ce ita da abokan aikinta suna makaranta, ƙofa a buɗe take.

Ma'u ba ta juya wajen maza ba. Amma zanar ba ta kai ƙasa ba, kuma ta ƙarƙashinta ana ganin takalman da aka tuɓe a bakin tabarma. Tun da ta fara ta hango safinja mai tsumma a cikinsu. Har aka shafa fatiha tana nan inda take.

Washegari da safe Bilyamin ya zo. Ba kayan gona ne a jikinsa ba, farar jallabiya ce.

"Inna, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

Bai ce madalla ba, bai kuma tashi ba.

"Ashe tun ina tatata abin ya kama shi."

"Tun lokacin."

"Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Ta juya kisra.

"Za ni makaranta wurin Daktora. In sun ce Sinnar, Sinnar. In sun ce Khartum, to."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce wa ƙasa. Sai da ƙarar safinjar ta ɓace sannan ta sauke kasko, ta shiga ɗaki ta kai goshinta ƙasa.

A makaranta ya tarar ba shi kaɗai ba ne. Maza ne zaune a inuwa, kowa na cewa wani ya rako. Akwai wanda aka ce masa nasa ba nabit ba ne, ya tashi yana hamdala. Akwai wani makiyayi da nasa ya riga ya yi nisa, wannan sai addu'a. Na Bilyamin na'ura ta nuna bai taɓa ƙashi ba. Aka yi masa aiki aka cire, aka haɗa shi da magani, Aminat ta tsaya a kansa kamar soja, in ya ce ya warke ta ce ya je ya gaya wa Inna. Da ya samu sauƙi ya fitar da zariba bayan gida, ya cire ƙayar ya kafa itace. Maƙwabta suka yi dariya, daga baya wasu suka bi.

Naman Ma'u kam an ci shi, kamar yadda Alamin ya faɗa. Akwai tsofaffin da suka daɗe suna amsa gaisuwarta da baki ɗaya, wai ta zubar da kunya a gaban maza. Ba ta yi musu da kowa ba. Ibtisam ta so Ma'u ta sake faɗa a ɗauka a waya, a kai sauran ƙauyuka.

"A'a, ɗiyata. Sunan nan na kama shi, ya isa. Can ba su san shi ba, za su ji shi kamar tatsuniya. Kowane gari akwai mai ƙafa ɗaya, akwai kuma wadda ta share mishi tabarma. Ku nemo ta ku nuna mata madubi."

Haka suka riƙa yi. An ce a wani gari wajen Damazin tsoho ne ya ba da labarin kansa, da sandarsa a hannu.

Shekara ta zagayo, aka sake yanke dawa. Wata safiya Bilyamin ya zo gaisuwa, Rayan na zaune tana miƙa wa kakarta kara. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ba safinja ba ce, rufaffen takalmi ne na fata, sabo, ƙafa biyu girmansu ɗaya. A bayan ƙafar dama ba komai sai tabo siriri kamar zaren ɗinki. Ma'u ta dubi takalman ta sake duba, ta shafa ƙullu a kasko, ta juya wajen jikarta.

"Rayan, ki ce wa wancan takalmin ya karɓe shi."

Yarinyar ta dubi ubanta da ke durƙushe kusa da ita, ta toshe baki tana dariya. Bilyamin ya sunkuyar da kai yana murmushi.

"Rayan," ya ce, "ki ce wa Inna na gode."